Sunaye 200 a Kwamfuta, Babu Mai Numfashi a Cikinsu

Assalamu alaikum Anti. Shekara uku ke nan ina tattara salsalar gidanmu. Na bi dangi, na yi ta buga waya, na tono tsofaffin takardu, har na haɗa sunaye sama da 200 a kwamfuta, kowa da iyayensa da 'ya'yansa, wasu har da shekarar rasuwa. Ranar da na nuna wa 'yan uwa, kowa ya lalubo sunansa, ya ce mini sannu da ƙoƙari, aka koma wata hirar. 'Ya'yana ko sake leƙawa ba su yi ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Ina so in mayar da aikin labari, musamman na kakan mahaifina. Tela ne. An ce ya bar gida da ƙuruciyarsa, ya bar mata da jariri, bai dawo ba sai bayan shekara 11, ɗauke da keken ɗinki, ga tabo a hannun hagu. Keken yana nan wajenmu. Wasu sun ce bashi ya kore shi, wasu sun ce rigimar gado ce da wansa. Mu ta tsatson matarsa ta biyu muka fito, zuriyar ta farkon kuma suna nan, muna zumunci. Wadda ta rage da ta san shi ido da ido gwaggona ce, ta haura 80, ga rashin lafiya. Tsorona biyu ne: kada in yi wa mamaci ƙarya garin ƙawata labari, kada kuma in tono abin da zai ɓata zumunci. Yaya zan yi?

Ƙanwarki

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Sannu da ƙoƙari ni ma zan fara ce miki, amma tawa daga zuci ta fito, domin na san wahalar da ke cikin haɗa sunan mutum 200 ba tare da an ɗora ɗan wani a kan wani ba. Aikinki bai tafi a banza ba, harsashi kika zuba. Sai dai ba na so ki riƙe 'yan uwanki a zuci. Duba lissafin: kowa yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, sama da su 16, idan an hau hawa na goma an kai 1,024 a hawan nan kaɗai. Babu zuciyar da za ta iya ƙaunar jama'a haka a lokaci guda. Zuciya mutum ɗaya take riƙewa, shi ma sai ta ga hannunsa, ta ji muryarsa, ta san abin da yake tsoro. Ki sake karanta wasiƙarki. A cikin mutanen nan 200, mutum ɗaya ne ya zo mini da hannu, da tabo, da kaya a ka. Ni da ban haɗa komai da shi ba, tun da na karanta nake tambayar kaina ina ya kwana daren farko da ya bar gida. To, da shi za ki fara, sauran su jira.

Kafin alƙalami, kafin kwamfuta, gwaggo. A makon nan, ba bayan kin gama shiri ba. Takarda tana jira, kabad ɗin da take ciki ba ya zuwa ko'ina, amma tsohuwa mai shekara 80 da ciwo ba ta cikin abubuwan da ake ajiyewa sai an samu sarari. Marubucin nan ɗan ƙasar Mali, Amadou Hampâté Bâ, ya faɗa a taron UNESCO a 1960 cewa mutuwar tsoho kamar gobara ce a ɗakin karatu. Na daɗe ina jin maganar a matsayin azanci, sai da ta faɗo kaina. Kakata ta wajen uwa ta zauna da mu shekaru, kullum ina cewa zan zauna in ɗauki muryarta, kullum wani uzuri. Yau abin da nake da shi nata bai wuce jimloli biyar ba, su ma ban tabbata kalmominta ne ko nawa ba. Ba na so ki ɗanɗani wannan. Labarin da ake miƙawa baki da baki a cikin gida, idan ba a rubuta ba, ba kasafai yake wuce hawa uku zuwa huɗu ba, wato shekara 80 zuwa 100, daga nan sai ya dushe ya koma suna kawai. Telanku yana bakin wannan iyakar, gwaggo ce ke riƙe da shi da hannu ɗaya.

Idan kin je, ki nemi izininta ki ɗauki muryarta da waya, ki gaya mata wa zai ji da kuma dalili. Ki ajiye wayar kusa da ita, ki kashe fanka da rediyo, sannan ki manta da wayar. Kada ki je da jerin tambayoyi kamar mai ƙidayar jama'a. Tambayar "a wace shekara aka haife shi?" tana rufe bakin tsoho, domin bai sani ba, kuma yana jin nauyin cewa bai sani ba. Ki je mata da hoton keken, in da hali ma ki ɗauke ta ki kai ta inda yake, ta ɗora hannu a kai. Abin da hannu ya taɓa yana buɗe abin da tambaya ba ta buɗewa. Daga nan sai ƙananan tambayoyi: a ina yake ajiye keken? Wace irin ƙara yake yi? Yana barin yara su taɓa? Da wane suna yake kiranki? Idan ya yi fushi shiru yake yi ko faɗa? Kin taɓa ganin ya yi kuka? Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun lura cewa tsofaffi sun fi tuna abin da ya faru tsakanin shekarunsu 10 zuwa 30 fiye da na tsakiyar rayuwa. Saboda haka kada ki ce mata ta ba ki tarihin kakanta. Ki ce ta ba ki labarin yarintarta, shi zai shigo da kansa ta ƙofar baya.

Abu mafi wuya a zaman nan shi ne shiru. Za ta yi magana ta tsaya, ta ƙura wa bango ido. Bakinki zai yi ƙaiƙayi ki cike gurbin. Ki daure. Sau da yawa abin da ya biyo bayan dogon shiru shi ne abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Idan ta faɗi abin da ya saɓa wa takardarki, kada ki gyara mata a wurin. Idan ta kauce ta shiga labarin wata maƙwabciya, ki bi ta, hanyar ƙwaƙwalwa ba miƙaƙƙiya ba ce.

Ki kuma kula da harshenki, domin tambaya tana iya shuka amsa. A 1974 wasu masu bincike biyu a Amurka, Elizabeth Loftus da John Palmer, sun nuna wa mutane hoton bidiyo na haɗarin mota, suka tambaye su gudun da motocin suke yi. Waɗanda aka tambaya da kalma mai zafi, irin ta "ragargaza", sun faɗi gudu mafi yawa fiye da waɗanda aka tambaya da kalma mai sauƙi. Bayan mako guda, su ne kuma suka fi cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a bidiyon. Kalma ɗaya ta mai tambaya ta shiga cikin tunanin mai amsa ta zauna. Don haka idan kika ce wa gwaggo "ashe bashi ne ya kore shi, ko?" kin riga kin ba ta amsar. Ki ce, "me kika ji ana faɗa game da tafiyarsa?" sannan, "daga bakin wa kika ji?" Wanda yake zaune a ɗakin ma yana sauya labari. Tsakanin 1936 da 1938 gwamnatin Amurka ta tura mutane suka tattara bayanan tsofaffi sama da 2,300 da aka haifa cikin bauta. Taska ce babba, tana nan a ɗakin karatun majalisar ƙasar, amma masana sun daɗe suna jan hankali cewa yawancin masu tambayar fararen fata ne, tsofaffin kuma sun yi ta taunawa kafin su furta. Haka gwaggo za ta tauna magana idan wani babban namiji na gidan yana zaune, ko idan wani daga zuriyar matar farko yana kusa. Ki samu zama ku biyu kawai, gajere, sau da yawa. Minti 40 sau biyar ya fi awa uku a rana ɗaya, ga lafiyarta ma ya fi.

Yanzu ga tsoronki na farko, wanda shi ne ya sa na ƙaunaci wasiƙarki. Mutane da yawa da ke wannan aikin ba sa jin tsoron nan ko kaɗan. Suna ɗauka cewa rayar da kaka shi ne a sa masa magana a baki, a ba shi jarumtar da ba a tabbatar ba, a ce ya tsaya a bakin ƙofa ya waiwaya hawaye na zuba. Wa ya gani? Ba ƙawa ce take rayar da mamaci ba. Ƙaramin abu na gaskiya ne, wanda ba wanda zai iya ƙirƙirarsa: cewa yana lasar zare sau biyu kafin ya zura, ko cewa ba ya yarda a zauna masa ta hagu. Irin wannan guda ɗaya ya fi shafi goma na ƙage, kuma gwaggo tana da su da yawa, ba ta dai san suna da daraja ba.

Hanyar da nake ba ki ita ce ki rubuta da murya uku, ki bar mai karatu ya riƙa jin inda kowace ta fara. Akwai abin da kika gani da idonki a takarda ko a jikin kaya. Akwai abin da aka gaya miki, shi kuma sai ki ambaci wanda ya gaya miki da inda shi ya ji. Akwai abin da kike zato, sai ki ce zato ne. Mu ba baƙin wannan tsari ba ne. Malaman hadisi sun gina ilimi guda a kan tambayar "daga wa ka ji?", har Abdullahi ɗan Mubarak ya ce ba don isnadi ba, wato jerin waɗanda suka ruwaito magana, da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Labarin gida ba hadisi ba ne, ba kuma hukunci za a cire daga cikinsa ba, amma ladabin ɗaya ne. Ga misali, da abin da kika ba ni da ɗan abin da na ƙaddara za ki tarar:

"Babu wanda ya rage da ya ga ranar da ya tafi. Gwaggo ta ji daga mahaifinta cewa bashi ne, wasu a gidan sun riƙe cewa gado ne. Abin da duka suka haɗu a kai shi ne ya bar jariri, ya dawo ya tarar da yaro mai shekara 11 da bai san fuskarsa ba. Keken da ya dawo da shi yana ɗakinmu, na gwada ɗaga shi ni kaɗai, da ƙyar. Ina yawan tunanin yadda aka yi ya iso da shi, da abin da yaron ya fara kallo, keken ko mutumin."

Kin ga, in haka kika tarar, babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma ba na jin akwai ɗan da zai ji wannan ya tashi ya bar wurin. Giɓin da kike tsoro shi ne yake jan mai sauraro. Idan kika ce "a nan labari ya yanke", yaro zai matso, domin kin ba shi wurin da zai sa nasa tunanin.

Inda labarin gida ya yi shiru, zamani yana magana. Ba ki san abin da ya ci karo da shi a shekarun nan 11 ba, amma za ki iya sanin duniyar da ya ratsa. Idan tafiyarsa ta faɗo tsakanin 1918 da 1919, to ya ratsa annobar murar da aka ƙiyasta ta kashe mutum kusan miliyan 50 a duniya, wadda da wuya a samu ƙasar da ba ta shiga ba. Idan bayan 1929 ne, ya ga lokacin da kasuwannin duniya suka karye, farashin amfanin gona ya faɗi, bashi ya kori mutane da yawa daga gidajensu. Idan tsakanin 1939 da 1945 ne, yaƙin duniya na biyu ya sa yadi da kayan ƙarfe sun yi wuya a wurare da dama, abin da tela zai ji a jikinsa. Ba za ki ce "ya kamu da murar" ba. Za ki ce "a shekarar da yake kan hanya, ga abin da ke faruwa a garuruwan da ake bi." Wannan gaskiya ce, kuma tana sa wa mutum ƙasa a ƙarƙashin ƙafa.

Irin waɗannan manyan al'amura su ne kuma ma'aunin shekaru ga mutanen da ba a rubuta haihuwarsu ba. Tsoho ba zai ce 1910 ba, amma zai iya cewa an haifi wane shekarar tauraro mai wutsiya, kuma tauraron Halley ya bayyana a 1910, bai sake dawowa ba sai 1986. Husufin rana, fari, annoba, zuwan jirgin ƙasa, mutuwar wani shugaba, duk turaku ne da za ki ɗaure igiyarki. Idan kika tarar da shekara a rubuce da lissafin Hijira, ki tuna shekarar wata tana gaza ta rana da kusan kwana 11, shekara 33 na wata sun yi daidai da kusan 32 na rana. Idan ba ki da komai, ki ƙiyasta shekara 25 zuwa 30 tsakanin uba da ɗa, ki rubuta "wajejen".

Keken nan kuwa shaida ne da bai taɓa mantuwa ba. Ki duba jikinsa da fitila. Idan Singer ne, akwai lamba da aka buga a gindinsa ta dama, kuma jadawalin lambobin kamfanin yana intanet, yana nuna shekarar da aka ware lambar da masana'antar da ta ƙera shi. Da yawa daga cikin waɗanda suka bazu a duniya sun fito ne daga masana'antar Clydebank a Sikotland, wadda aka rufe a 1980. Lambar ba za ta gaya miki ranar da ya saya ba, yana iya yiwuwa na hannu ya samu. Amma za ta gaya miki shekarar da ba zai yiwu ya dawo kafinta ba, in dai da shi ya dawo. Wannan kaɗai yana iya daidaita miki lissafin gidan gaba ɗaya.

Ki shirya wa abin da za ki gano game da jadawalinki ma. Jan Vansina, masanin tarihi ɗan Beljiyam da ya yi aiki a Kwango ya kuma rubuta littafi kan tarihin baka a 1961, ya nuna cewa mutane sukan san na kusa sosai, su san labarin tushe, tsakiyar kuma ta zama rami. Bakin mutane yana haɗe hawa biyu ya zama ɗaya, musamman inda jika ya ci sunan kaka, sai aikin mutum biyu ya taru a kan mutum ɗaya. Adadi ma yana kumbura a baki. Tun 1377 masanin tarihi Ibn Khaldun ya yi kukan yadda masu tarihi suke karɓar manyan lambobi ba tare da aunawa da hankali ba. Shekara 11 ɗin nan tana iya zama 7, tana iya zama 11 ɗin daidai. Ki auna ta da shekarun yaron da aka bari da na 'ya'yan da aka haifa bayan dawowa.

Akwai darasi a abin da ya sami Alex Haley, Ba'amurken da ya fitar da Roots a 1976. Littafin ya tayar da miliyoyin mutane neman asalinsu, wannan alheri ne da ba a ƙwace masa. Amma da masu bincike suka bi sawunsa, sun tarar mutumin da ya ba shi labari a ƙauyen Juffure na Gambiya ya riga ya san abin da baƙon yake nema, sannan takardun Amurka sun nuna bawan da Haley ya ce shi ne kakansa yana can tun shekaru kafin jirgin da aka ce ya kawo shi ya iso. Shi kansa ya amsa cewa ya gauraya gaskiya da ƙage. Abin da ya rage shi ne ba a iya rabe wanne ne wanne. Kada ki bar wa jikokinki wannan aikin. Wata rana wani daga cikinsu zai fi ki kayan bincike, idan ya kama ƙage ɗaya da ba ki yi masa alama ba, zai yi shakkar sauran duka, har da kalmomin gwaggo na gaskiya.

Sai tsoronki na biyu, kuma a nan zan ɗan tsaya, domin ya fi na farko nauyi. Ruwayoyin nan biyu, bashi da gado, kada ki zaɓi ɗaya ki binne ɗaya. Ki ajiye su gefe da gefe, kowace da masu faɗinta. Ki lura da wane reshe ne yake riƙe da wace, domin kowane reshe yakan adana ruwayar da ta fi yi masa sauƙin ɗauka, wannan kansa tarihi ne. Yana ma yiwuwa duka biyun gaskiya ne, gadon da aka hana shi ne ya jefa shi bashin. Ba alƙalanci aka ba ki ba. Ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Faɗin cewa mutum ya tafi ya bar iyali, a wurin zuriyarsa, da tausayi da neman fahimta, daban yake da tsayar da shi a gaban jama'a ana jifa. Ki rubuta shi yadda za ki so a rubuta ki: da kuskurenki, amma da nauyin da ke kanki lokacin da kika yi shi.

Ba na kuma goyon bayan a wanke shi tas. Marshall Duke da Robyn Fivush na jami'ar Emory a Amurka sun yi wa yara tambayoyi 20 game da tarihin gidajensu, suka ga yaran da suka fi sani sun fi yarda da kansu, sun fi jure damuwa. Duke ya yi bayanin cewa labarin da ya fi amfanar yaro shi ne mai hawa da sauka, wanda ke cewa mun samu, mun rasa, wani ya yi kuskure, amma ga mu tare. Ba sai an kai ni jami'a ba kafin in yarda da wannan. Yaron da aka gaya wa kakanninsa duk waliyyai ne, ranar da ya faɗi zai ɗauka shi kaɗai ne ɓatacce a gidan. Wanda ya san kakansa ya taɓa gudu kuma ya dawo, ya san ana dawowa.

Amma akwai wadda ba ki tambaye ni game da ita ba, ita ce ta fi tsaya mini. Matar farko. A wasiƙarki kalma ɗaya ta samu, "mata". Shekara 11 mutum yana can, ita tana nan da jariri. Wa ya riƙe ta? Ta jira ne ko ta yi wani auren? Me ta gaya wa yaron idan ya tambayi ubansa? Me ta ce ranar da ya dawo? Haka tarihin gidaje yake yi a ko'ina, yana bin wanda ya tafi, ya manta da wadda ta zauna, alhali zaman ma tafiya ce mai tsawo. A nan kuma maganin tsoronki yake. Kada zuriyarta su ji labarin nan daga bakin wani bayan kin gama. Ki je wurin babbansu tun yanzu, ki ce kina rubuta tarihin gida, kin ga ba zai cika ba sai da na kakarsu, kuma su ne masu shi. Mutumin da aka zo neman labarin kakarsa da girmamawa ba ya jin an tona masa asiri, ji yake an tuna da shi. Idan kin rubuta, ki karanta musu kafin kowa. Idan suka ce ga wani yanki da ba sa so ya fita, ki cire shi daga abin da za a raba, ki adana shi a naki kundin da bayanin dalili. Abin da aka adana daban, abin da aka watsa daban. Hakkin mai rai yana gaba da sha'awar mai bincike, kuma duk abin da ya shafi lafiyar wani, ko aurensa, ko asalin haihuwarsa, ba ya hawa Facebook ko zauren WhatsApp na dangi sai da yardarsa.

Za a ba ki shawarar gwajin DNA, wato na ƙwayoyin halittar da ake gada daga iyaye. Yana da amfaninsa wajen gano dangi, amma ki sani rabi kike ɗauka daga kowane mahaifi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu daga kowane kaka, kusan ɗaya cikin takwas daga irin telanku, kuma ba zai gaya miki dalilin tafiyarsa ba. Yakan kuma fito da abin da ba a nema ba, saboda haka ba yanzu ba. Shafin binciken salsala na FamilySearch kyauta ne, tushensa wata ƙungiya ce da aka kafa a Utah a 1894, ki leƙa, sai dai yawan abin da ke ciki ya danganta da ƙasa. Gidan adana takardun tarihi na ƙasarku, takardun kotu, na filaye da na haraji, sun fi kusa da ba ki wani abu a kan maganar gado. Duk waɗannan suna iya jira.

Muryar da kika ɗauka kuwa kada ta kwana a waya kaɗai. Kwafi uku, a wurare daban-daban, ɗaya a hannun wani ɗan uwa da ba gida ɗaya kuke ba. Ki sa wa kowane fayil suna da kwanan wata. Ki rubuta maganar gwaggo yadda ta faɗe ta, da maimaicinta da tsofaffin kalmominta, kada ki gyara ta ta koma irin maganarki. Tsofaffin hotuna ki rubuta sunayen da ke ciki a baya da fensir, ba biro ba, tun tana iya gane fuskoki.

'Ya'yanki kuma ba su ƙi kakanninsu ba, jadawali suka ƙi. Kada ki miƙa musu littafi. Ki zaunar da su kusa da keken da dare, ki bar ƙaramin ya juya hannun keken ya ji ƙarar, ki ce mutumin da ya kawo wannan ya taɓa ɓacewa shekara 11. Ki ba su minti biyar ki tsaya a inda ya fi daɗi. Idan suka ce "sai me ya faru?", ki ce amsar tana wurin gwaggo, wa zai raka ni ranar Asabar? A zama na uku ko na huɗu, bayan kin samu naki na ku biyu, ki tafi da babban, ki ba shi riƙon wayar, ki bar shi ya yi tambaya ɗaya tasa. Tsofaffi sukan gaya wa jika abin da suke ɓoye wa ɗa, kunne kuwa ya girmi kaka.

Idan kin zauna gabanta, bayan gaisuwa da tambayar jiki, ki fara da tabon. Ki ce, "Gwaggo, hannun nan nasa na hagu, kin taɓa riƙe shi?" Sai ki yi shiru.

Allah ya ba ta lafiya, ya jiƙan magabata. Ki rubuto mini abin da ta ce.